Sahabi Mai Dorina da Baƙon Zuru

Duk wanda ya sauka kwatar Yelwa ya ce yana neman wanda ya san dorina, Sahabi za a nuna masa. Ba a ma ɗaga hannu, da leɓe ake nunawa. Ga shi can, gajere, baƙi, ƙafafu a gwame kamar an lanƙwasa su ne don su dace da cikin jirgi, hula a karkace tun ranar da aka sayo ta. Sahabi Mai Dorina ake ce masa. Matarsa Lami kan kira shi Baban Murja in tana cikin daɗin rai, in kuwa ba ta ciki, "kai" ta ishe shi.

An haife shi shekarar da ruwan Kainji ya taso ya haɗiye gungun da iyayensa ke zaune, aka kwaso su aka zube a tudu. Innarsa takan ce shi da ruwan tare suka zo, kuma a cikin su biyun ruwan ya fi jin magana. Ubansa masunci ne, shi ma ya taɓa su da ƙuruciya, sai dai kifi bai ga abin so a fuskarsa ba. Da ya gaji da jawo taru yana tarar da ciyawa da takalmin roba, sai ya koma fito. Shekara talatin da wani abu ke nan yana ɗaukar mata 'yan kasuwa da buhunan shinkafarsu da kwandunan kifin banda, daga ƙauyukan bakin ruwa zuwa Yelwa, ranar kasuwar Wara kuma ya gangara da su can.

Bai gaji gona ba, bai gaji shanu ba. Abin da uban ya bar masa ƙwanƙwasa ce.

Ita dorina ba ta son a faɗo mata babu sallama. In tana nutse jirgi ya bi ta kanta ba ta sani ba, firgita take yi ta taso, kafin a ce wani abu jirgi ya koma itacen girki. Saboda haka in an zo inda ciyawar burugu ta yi duhu, akan ɗaga inji, a ɗauki filafilin tuƙi, a riƙa buga gefen jirgi don ta ji tun daga nesa ta kauce. Kowane mai jirgi ya san wannan, amma yawancinsu sai sun tuna suke yi. Sahabi ba ya tunawa, don ba ya mantawa. Uku a jere, a ɗan tsaya, sannan ɗaya. Ƙwam ƙwam ƙwam, ƙwam. Haka ubansa ya yi, haka shi ma yake yi, har dorinan yankin suka haddace. Tsofaffinsu sun mutu suna jin ta, 'ya'yansu sun tashi sun tarar.

Matsalar ita ce hannun ba ya sanin an sauka daga ruwa. Yana yi a bakin kwanon tuwo. Yana yi a ƙofar ɗaki. Ranar ɗaurin auren 'yarsa Murjanatu, liman na cikin addu'a aka ji uku da ɗaya a kan gwiwar uban amarya. Lami ta ce da wannan bugun ya kori ɓeraye, ya kori baƙi, ya kori kishiyoyin da ko zuwa ba su yi ba, ita kaɗai ce ta ƙi koruwa don ba ta da inda za ta.

To amma da bugun ya yi suna, kuma sunan ƙafa biyu gare shi. Ta farko, babu wanda ya san dorina kamarsa: ya san inda take kwana, ya san inda take fitowa ta ci wa mutane shinkafa, ya kan kalli ruwa ya ce da safe ta wuce nan, kuma ta wuce ɗin. Ta biyu, tunda yake fito, dorina ba ta taɓa ɗago kai kusa da jirginsa ba. Don haka Inna Rabi, shugabar mata masu kifin banda, mace mai faɗin da in ta zauna sai an gyara lodin jirgi, takan jira shi awa biyu a rana maimakon ta shiga jirgin wani. Inda Inna Rabi ta sa ƙafa kuwa, nan sauran matan ke sawa.

Ana nan, lokacin da ruwa ya cika ya shiga fadamu, sai ga wani dattijo ya sauka kwata da matarsa. Dogo ne siriri, da malafa, da madubin hangen nesa rataye a wuya, da kyamara, da ɗan littafin rubutu a aljihun gaba. Sunansa Jacob, mutumin Zuru, tsohon malamin sakandare. Matar tasa Jummai, gajeriya mai ƙaramar murya da manyan idanu, tana biye da shi riƙe da fulas ɗin shayi.

"Hutu muka zo," in ji shi, bayan an gaisa. "Shekara talatin da biyar ina zana wa yara dorina a allo. Na san nauyinta, na san yawan haƙoranta, na san minti nawa take yi a nutse. Ido da ido ne ban taɓa ba. Kwana uku gare mu."

Mutanen kwata suka dubi juna. An ga mai zuwa Yauri sayen albasa, an ga mai zuwa sayen kifi, an ga mai zuwa neman aure. Wanda ya baro gidansa lafiya lau don ya kalli abin da ke cinye wa mutane gona, wannan sabo ne. Amma baƙo baƙo ne. Leɓuna suka juya wajen Sahabi.

Sahabi ya gyara hula, ta ƙara karkacewa. "Dorina kawai, Tica? Gobe da hantsi ka gan ta ka gaji."

Washegari suka fita, kowa da rigar hana nutsewa. Tun ba su yi nisa ba Tica ya fara rubutu. Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ciyawa kamar mai jiran a biya masa bukata, ya rubuta. Garken kirinjijiya suka tashi da fito, ya rubuta. Dinya biyu, jinjimi, wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado kamar gidan ubansa, duk ya rubuta, yana faɗa wa Jummai sunayensu da Turanci, tana cewa "to". Har kada suka gani kwance a kan yashi baki buɗe. Jummai ta ce in dai wannan ne, tana da irinsa a gida bayan cin tuwon rana.

Da suka zo bakin burugu, Sahabi ya ɗaga inji ya ɗauki filafili. Ƙwam ƙwam ƙwam, ƙwam.

"Kai, wannan kiɗa da daɗi yake," in ji Tica. Ya karɓi murfin fulas a hannun Jummai ya shiga taya shi a ɗaya gefen.

Suka isa makwancin. Ciyawa a tattake, laka a dame, ga sawu nan kowanne kamar an kifa akushi, ga kashi yana tururi.

"Nan sunka kwana," in ji Sahabi. "Yanzun nan sunka tashi."

Ya kai su wuri na biyu. Ruwan bai ma gama kwantawa ba. Ya kai su na uku, suka tarar da kumfa tana fashewa a bayan abin da ya riga ya tafi. Tica ya ɗauki hoton kashi ta gaba, ya ɗauka ta gefe, ya sa biro kusa da shi don a gane girma. Da la'asar suka dawo da tsuntsu goma sha tara a littafi da kashi kala uku a kyamara.

A gida Lami ta aje masa tuwo ta zauna tana kallonsa.

"An ga dorina?"

"Sun yi ta gocewa. Ban san mi as same su ba yau."

"Ba ka sani ba." Ta dubi hannunsa, wanda ke bakin kwano yana aikinsa. "Baban Murja, shekara talatin kana ce musu ga ni nan tahe ku ba ni wuri, suna ba ka. Yau don ka ɗauko mai malafa sai su tsaya su yi maka gaisuwa?"

Sahabi ya dubi hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Wallahi bai san ya yi ba.

Rana ta biyu Lami ta naɗe filafilin da tsohon zane, ta ɗaure tamau. Sahabi ya yi wa kansa alkawari. Suka shiga burugu shiru, ba ka jin komai sai kukan kwaɗi da numfashin Tica. Gumi ya keto wa Sahabi. A ransa yana ganin ƙaton baya yana tasowa ƙarƙashin jirgi, yana ganin malafa tana yawo a kan ruwa ba mai ita, yana ganin Inna Rabi tsaye a kwata hannu a ƙugu. Ya cije leɓe. Ya matse filafili a hammata.

Ƙwam ƙwam ƙwam, ƙwam.

"Malam Sahabi," in ji Jummai a hankali, "ƙafarka ce."

Diddige ne ke dukan cikin jirgi. Ya take ta da ɗayar ƙafar, ita ma ta ɗauka. Can nesa, bayan ciyawa, aka ji wani gurnani kamar ana jan gado a ɗakin sama, sannan ruwa ya yi motsi, shi ke nan. Tica ya miƙe har jirgi ya yi tangal-tangal, ya kafa madubi, bai ga komai ba sai balbela. Ya zauna ya rubuta "an ji murya", ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Labari ya riga su isa kwata. A can kuwa akwai Garba, mai sabon jirgi da babban inji, mutumin da muryarsa ta fi injin ƙara. Ya daɗe yana neman yadda matan kasuwa za su dawo wajensa. Ya jira sai da mutane suka taru sannan ya taro baƙin.

"Tica, sannu da wahala. Kwana biyu ana yawo da kai kallon kashi. Ka zo gobe in kai ka, minti arba'in, in aje ka gaban hancinta." Ya juya wajen jama'a. "Ni dai ku hwaɗa mini, wa at taɓa ganin Sahabi da dorina wuri guda? Ana ta Mai Dorina, Mai Dorina. Sahabi, don Allah, wane launi ne cikin bakinta?"

Aka kwashe da dariya. Gaskiyar da Sahabi bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, iyakar abin da ya taɓa gani kunnuwa ne, can nesa, kamar ganye biyu a kan ruwa, su ma da ya hango yake juya jirgi.

Kafin ya sami abin cewa, Inna Rabi ta taso daga kan buhunta. Sai da aka ba ta hanya, don ba ta raɓawa.

"Kai Garba, rufe mana baki, ƙudaje na shiga." Ta juyo kan Sahabi. "Kai kuma saurara. Na ji an ce ɗaure filafili anka yi yau, ana neman a kai jirgi bisa kanta da gangan. To ranar da nij ji dorina ta leƙo jirginka, ko da hoto ne, ni da matana mun sauka ke nan. Ba mu bar gidajenmu don a kai mu ziyara wurin dabba ba."

Ka ji fa. In bai nuna dorina ba, Garba ya cire wa sunan ƙafa ɗaya. In ya nuna, Inna Rabi ta cire ɗayar. Tica, mutumin kirki, ya ce shi da Sahabi ya fara, da shi zai gama, amma gobe da azahar motarsu za ta tashi. Yana faɗa yana satar kallon injin Garba.

Da yamma Sahabi ya zauna a tsakar gida ya kasa cin abinci. Lami na tankaɗe, tana yi tana ba shi magana.

"Ni ban ga abin damuwa ba. Ka ce musu su zauna inda ba ka, dorina za ta same su. Duk abin da ke da rai haka yake yi. Ko awakin gidan nan, in ana son su shiga turke, kai akan ce ka tsaya a ƙofar gida."

Ta ci gaba da tankaɗe tana jiran ya rama. Bai rama ba. Ta ɗago ta ga ya kafe ta da ido, hannun ma ya tsaya.

"Lami. Sake hwaɗi."

"Awaki?"

"Kwance mini zanen nan daga filafili. Gobe da ke za a tahi."

"Ni? Ruwa? Mi nay yi maka?"

Da sassafe suka fita su huɗu, Lami na zaune tsakiyar jirgi rungume da kwanon ƙosai, tana sanar da duk wanda suka gitta cewa in ba ta dawo ba mijinta ne. Sahabi bai nufi burugu ba. Ya yi yamma da jirgin, ya kai su wani ɗan gungu na dutse, tudun da ya rage a sama lokacin da ruwa ya ci sauran, da tsamiya ɗaya a kansa. Dutsen ya yi tsawon ɗaki biyu, gefensa a miƙe, ko akuya sai ta yi tunani. Ta baya akwai inda ake hawa. Ya taimaka musu suka hau, Lami na hawa tana tsine wa duwatsu.

"Tica, ka ga bakin ciyawar can? Ka ga inda ruwa ya buɗe tsakaninta da nan? Nan za ka sa ido. Kada wanda ya sauko. Kada wanda ya yi kiɗa da murfin fulas."

"Kai fa?"

"Ni zan tahi inda ba ku."

Ya ja inji ya yi dogon zagaye, ya ɓace musu, ya ɓullo ta bayan burugu, can ɗaya gefen. Ya ɗaga inji. Ya ɗauki filafili tsirara, ya tofa yawu a tafi. Tun jiya yake danne hannun nan kamar mai riƙe tari a masallaci. Ya sake shi.

Ƙwam ƙwam ƙwam, ƙwam! Ƙwam ƙwam ƙwam, ƙwam!

Yana bugu yana matsowa a hankali, yana bi ta dama, yana komowa ta hagu, yadda ake kora kaji. Bai ga komai ba sai ciyawa da ta fi shi tsawo. Ya dai ji ta tana motsi a gaba, ya ji ruwa na turo jirgi kaɗan kaɗan, ya san masu gida sun ji sallama sun tashi. Zuciyarsa na bugawa, ita ma uku da ɗaya. Ya yi ta yi har kafaɗa ta gaji. Sannan, daga can nesa, iska ta kawo masa wata ƙara da ya sani tun shekara talatin: Lami ce ke salati da iyakar muryarta.

Da ya zagayo ya same su, Tica na zaune a kan dutse, malafa a hannu, madubi a rataye, bakinsa na motsi ba magana. Mutumin da ya kwana biyu yana bayani, yau an ɗauke masa sauti.

"Bakwai!" in ji Lami tun bai ɗaure jirgi ba. "Bakwai, Baban Murja, har da jinjiri! Nan ƙarƙashinmu sunka bi, a jere kamar masu zuwa biki. Babbar ta tsaya ta yi hamma, na ga har abin da ta ci shekaranjiya!"

"Tica, an ɗauka?"

Tica ya dubi kyamarar da ke cinyarsa. Murfin na nan a rufe.

"Shekara talatin da biyar," ya ce da ƙyar, "ina zana kunnuwan da girma."

Jummai ta gama zuba shayi, ta ciro waya daga jaka. "Na ɗauka," ta ce. "Na san shi. Ranar aurenmu ma haka ya yi."

Kafin azahar wayar Jummai ta zagaye kwata. Garba ya karɓa ya daɗe yana kallo, yana neman abin cewa.

"To ai ba a jirginsa anka gan su ba."

"Wa ya kawo su?" in ji Tica, wanda muryarsa ta dawo har da ƙari. "Ya ce in sa ido a wuri kaza, na sa, nan suka fito. Kai za ka iya aiko dorina bakwai ta ƙofar da ka zaɓa?"

Garba ya ce yana da lodi, ya tafi duba injin da babu abin da ya same shi.

Inna Rabi ta amshi wayar ta miƙar da hannu, don idon ya fara tsufa. "Ina jirgin?" Aka buɗa mata hoton, aka nuna wani ɗan baƙin ɗigo can ƙarshen ciyawa, kamar ƙuda ya yi kashi a gilashi. Ta auna da yatsu daga ɗigon zuwa dorinar ƙarshe. Yatsu huɗu, har da rabi. Ta mayar da wayar.

"Jibi kasuwar Wara," ta ce wa Sahabi. "Buhu tara gare ni. Kada ka makara."

Sai a lokacin wayar ta iso hannunsa. Ya koma gefe ya tsuguna, ya kare ta daga rana da hula. Ga ta nan ta cika gilashin, baki a wangame, cikinsa ja-ja kamar an yanka kankana, haƙora kamar taɓare, 'yan idanu ƙanana a sama, da gashin baki tsilli-tsilli. Ya san sawunta, ya san warinta, ya san minsharinta, ya san lokacin da take haihuwa. Shekara hamsin da bakwai suna maƙwabtaka.

"Ashe haka kike," ya ce a hankali.

Lami ta leƙo ta kafaɗarsa. "Kai ne sak, in an tashe ka sallar asuba."

Ya ci gaba da kallo. Yatsansa dai ya sami bayan wayar, ya fara: uku a jere, ya ɗan tsaya.

Jummai ta yi wuf ta fizge abarta.

"A'a, Malam Sahabi! Ita kaɗai ce gare mu, kada ka kore ta."